Wa Ya Ce Karin Harshe Ƙauyanci Ne? Ku Tambayi Mutanen Japan

Yau ba ci gaban labari na kawo muku ba, wata magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Akwai wasu masu sharhin littattafanmu da suka naɗa kansu 'yan sandan harshe. Da zarar marubuci ya bar Basakkwace ya yi Sakkwatancinsa a cikin labari, ko ya ari kalmar wani yare, sai su ce ya gurɓata Hausa. To ku zo mu leƙa Japan.

A zamanin Sarki Meiji, wanda ya fara a 1868, hukuma ta ɗauki maganar masu ilimin Tokyo ta mai da ita daidaitaccen Japananci, kamar yadda aka gina tamu daidaitacciyar Hausar a kan Kananci. Wannan ba laifi ba ne, dole a sami harshen makaranta da na jarida. Laifin shi ne wulaƙancin da ya biyo baya. A tsibirin Okinawa, ɗalibin da ya kuskura ya yi yaren gidansu sai a rataya masa wani ɗan allo a wuya, ba zai rabu da shi ba sai ya kama wani ɗalibin yana yi. Mutanen Tohoku da ke arewacin ƙasar kuwa, maganarsu ta zama abin dariya a Tokyo. Me aka girba? A 2009 hukumar UNESCO ta lissafa harsuna 8 na Japan da ke fuskantar ɓacewa, 6 daga ciki a jerin tsibiran Ryukyu suke, inda Okinawa take.

Amma mutanen Osaka sun ƙi sunkuyar da kai. Inda ɗan Tokyo zai yi godiya da "arigato", ɗan kasuwar Osaka "ookini" yake cewa, kuma da karin nasu manyan 'yan barkwancin ƙasar suke cin abinci. Marubuta ma ba a bar su a baya ba. A 2008 Kawakami Mieko ta ci kyautar Akutagawa, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan adabin Japan, da labarin da ta cika da karin Osaka. A 2018 Wakatake Chisako, tana da shekara 63, ta ci wannan kyautar da karin Tohoku ɗin nan da ake yi wa dariya. Ashe abin da aka raina shi ne gishirin miyar.

Batun aro kuma fa? Ingilishin da 'yan sandan namu suke girmamawa ya ari tsunami da karaoke da judo da emoji daga Japananci, har da tycoon, wato hamshaƙin attajiri. A 2024 kaɗai babban ƙamus na Oxford ya ƙara kalmomin Japananci 23 a tashi ɗaya, ba wanda ya ce Ingilishi ya mutu. Wasan karate ma da duniya ta karɓa da sunansa, daga Okinawa ya fito, garin da aka rataya wa 'ya'yansa allo.

Don haka marubuci ya yi bayaninsa da daidaitacciyar Hausa, na yarda. Amma in tsohuwa daga Gobir ko Damagaram ta buɗe baki a cikin labari, a bar ta ta yi maganar da ta sha a nono, ba don a yi mata dariya ba. Mai ja ya zo da hujja. Allah ya sa mu gane.