Darasin garin Fernie ga masu riƙon garuruwanmu kafin ɗari ya kankama

Ranar 17 ga watan Oktoba na 2017 mutum uku suka rasu a cikin gidan wasanni na wani ƙaramin gari mai suna Fernie, a lardin British Columbia na ƙasar Kanada. Biyu ma'aikatan hukumar garin ne, na ukun kuma makanike ne na kamfanin da ke kula da injinan sanyaya wurin. Iskar amoniya ce ta ɓalle musu a ɗakin injin. An kwashe mutanen unguwar daga gidajensu na kwanaki, aka rufe gidan wasannin, ɗarin wannan shekara ya zo ya wuce yana rufe. Na ɗauko wannan labari ne domin abin da ya jawo shi ba baƙo ba ne a wurinmu, kuma ina son magadan gari da kantomominmu su ji shi tun kafin hunturun bana ya kankama.

Fernie gari ne a cikin duwatsu, mutanensa a lokacin dubu biyar ne da ƴan kai. A watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe biyar na yamma, ƙanƙara ta rufe ƙasa wata da watanni, sanyi kuma wani lokaci ya kai digiri 20 ƙasa da sifili. A irin wannan gari, idan hukuma ba ta tanadi wurin da jama'a za su taru ba, kowa sai ya kulle kansa a ɗaki har bazara. Shi ya sa kusan kowace ƙaramar hukuma a can take da sashen da ke kula da wuraren shaƙatawa da wasanni, kuma aikinsa mafi nauyi a lokacin sanyi yake. Yara na zamiya a kan ƙanƙara da takalma masu ƙarfe a ƙasa, samari na buga hoki, dattawa na wani wasa da ake tura dutse a kan ƙanƙara. Gidan wasanni shi ne dandalinsu, shi ne fadarsu.

Ƙanƙarar cikin gida inji ne ke yin ta. Ana sanyaya ruwan gishiri da amoniya, a tura shi ta bututai a ƙarƙashin daɓe, ruwan da aka zuba a sama ya daskare. Injin nan yana da shekarun da ya kamata ya yi aiki, kamar kowane inji. Hukumar da ke binciken lafiyar na'urori a lardin ta fitar da rahotonta a watan Yuli na 2018, kuma abin da ta gano shi ne: tun a 2010 aka ba hukumar garin shawara ta sauya injin don ya tsufa. Aka sa aikin a tsarin 2013, aka ɗage shi zuwa 2014, daga nan sai ya fita daga lissafi gaba ɗaya. A farkon 2017 aka ga alamar amoniya na yoyo cikin ruwan gishirin. Duk da haka, da lokacin wasa ya zo a watan Oktoba, aka sake tayar da injin. Washegari abin ya faru. Wata ƴar ƙaramar huda ce a jikin bututu.

Babu wanda ya ce an saci kuɗin. Ɗage aikin aka yi ta yi, shekara bayan shekara, saboda akwai wasu buƙatu da suka fi shi surutu. Injin da ke ɗakin baya ba ya zanga-zanga, ba ya jefa ƙuri'a, ba wanda ke ɗaukar hoto ranar da aka sauya shi. Wannan ne ya sa nake cewa labarin ya shafe mu.

Akwai kashi na biyu na labarin. Da aka rufe gidan wasannin, ƙungiyar hokin matasan garin ta koma buga wasanninta a Sparwood, wani gari na kusa. Su kuma mutanen Fernie ba su zauna jiran gyara ba. Da gudummuwar gidauniyar ƙungiyar hoki ta Calgary Flames da hannun ƴan sa-kai, suka kafa filin ƙanƙara a waje, kafin shekarar ta ƙare yara sun koma zamiya.

Filin waje kuwa yana da nasa tsari, kuma tsarin ne ya fi ba ni sha'awa. A garuruwan Kanada da yawa, hukuma ce ke kafa katakan da ke kewaye filin tun kafin ƙasa ta daskare, ta ba da ruwa da tiyo da fitila da ɗan ɗakin ɗumama jiki, wani wuri har da ɗan kuɗin hasafi. Sauran aikin na mutanen unguwa ne. Sai an samu kwanaki a jere ana sanyi sosai, sannan su fito da dare su fesa ruwa kaɗan-kaɗan, ya daskare, su sake fesawa, har ƙanƙarar ta yi kauri. Duk ranar da ƙanƙara ta zubo daga sama, wani zai ɗauki shebur ya kwashe. Kowa ya san ranarsa, kowa ya san wanda ke riƙe da makulli. Kuma sun koyi yin shiri na biyu, don yanayi ya daina tabbata: a Ottawa, babban birnin ƙasar, hanyar zamiya ta mashigin ruwan Rideau mai tsawon kilomita 7.8 ba ta buɗe ba ko kwana ɗaya a ɗarin 2023, karo na farko cikin sama da shekara hamsin, saboda ƙanƙarar ba ta kai kaurin santimita 30 da ake buƙata ba.

To, mu a Nijar ba mu da ƙanƙara, amma muna da lokacin ɗari, kuma shi ne lokacin wasanmu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, zafi ya sauka, yara na samun hutun ƙarshen shekara. Tun kaka da kakanni a wannan lokaci ake kokowa da dambe da langa, ƴan mata su fita gaɗa a dandali. Gasar takobin kokowa ta ƙasa, wadda aka fara a Tahoua a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko, galibi a cikin watannin nan ake yin ta, tana zagaya jihohi takwas. Kwana goman nan ƙasa kan tsaya cik, kowa kunnensa na kan rediyo. Tambayata ita ce, sauran kwanaki ɗari da wani abu na hunturu fa, a garin da ba babban birnin jiha ba, me aka tanadar wa yaro?

Gini dai mun iya. Bikin 18 ga Disamba mai zagayawa ya bar gine-gine a Dosso a 2014, Maraɗi a 2015, Agadez a 2016, Tahoua a 2017, Damagaram a 2018, Tillaberi a 2019. An yi filayen wasa, an gyara gidajen matasa da al'adu, an kafa fitilu. Ba zan kama sunan wani gari in ce ga abin da ya lalace ba. Mai karatu ya fi ni sanin garinsa. Ka je gidan matasan garinku da yamma ka duba da idonka: ƙofa a buɗe take? Famfo na kawo ruwa? Makewayi fa? Fitilun nan masu aiki da hasken rana, nawa ne ke kamawa da dare, nawa ne baturansu suka mutu aka bar su tsaye kamar turaku? Ƙarafan da jama'a ke hawa su zauna a filin kokowa, yaushe rabon da mai walda ya duba su? Wayoyin wutar da ake jonawa ranar wasa, wa ya san shekarunsu?

Na san abin da za a ce mini. Za a ce ana ta kai wa ke ta kaya, ga matsalar tsaro, ga tsadar abinci, ga ƙananan hukumomin da ko albashin ma'aikatansu da ƙyar suke biya. Gaskiya ne, kuma ban ce a bar rijiya ko ɗakin shan magani a sayi ƙwallo ba. Amma a duba wanda ke zaune a gari a wannan lokaci. Masu ƙarfi da yawa sun tafi cin rani. Waɗanda suka rage, daga la'asar zuwa tsakar dare, suna fada ana dafa shayi, babu aiki, babu wurin zuwa. Mai sayar da tramol ya san da su, mai neman yaran da zai ruɗa ma ya san da su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Filin ƙwallo mai fitila biyu da gasar unguwanni ta wata uku ba za su kawar da wannan duka ba, amma kuɗinsu bai kai na wani liyafar karɓar baƙo guda ba.

Tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilu na 2024 aka naɗa kantomomi, nauyin ya ƙaru a kan mutum ɗaya, domin babu kansilan da zai tashi a zaman kasafi ya tuna masa da filin unguwarsu. Don haka ga abin da nake roƙo, kuma babu wanda ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma a ciki.

A buɗe littafi guda a kowace ma'aikatar magajin gari, a rubuta duk kayan wasa da shaƙatawa da gari ya mallaka: ranar da aka kafa, shekarun da ya kamata ya yi, ranar da aka duba shi na ƙarshe, da sunan wanda ya duba. Idan aka ɗage wani gyara, a rubuta wanda ya ɗage da dalilinsa. Da aikin Fernie yana gaban idon jama'a kowace shekara, da wuya ya sulale daga lissafi shiru.

A ware kuɗin gyara dabam da kuɗin gini a cikin kasafi, ko yaya ƙanƙantarsa, kuma a liƙa adadin a bangon ma'aikata kowa ya gani. Abin da ya shafi rai, wato wuta da wurin zaman jama'a da katangar da ta tsage, shi ne farko. Idan ma'aikaci ya ce wuri ba shi da lafiya, a rufe shi ko da gobe ne wasa. Fushin ƴan kallo na kwana ɗaya ne.

A damƙa kowane fili ga kwamitin unguwa, da makulli da ɗan abin aiki da ƴan jikkuna na ruwa. Su share, su yayyafa ruwa da yamma don ƙurar hunturu ta kwanta, yaran da ke fama da tari su samu sauƙi. Wannan ba koyi da Turawa ba ne. Dattawanmu da suka yi zamanin Samariya sun san yadda unguwa ke fita aikin gayya, kuma har yau ƴan fada na yashe magudanan ruwa kafin damina idan an kira su da mutunci. Hukuma ta ba da kaya ta tsaya a kan alkawarinta, shi ke nan.

A fitar da jadawalin ɗari tun watan Oktoba, a karanta shi a rediyon gari: ranar kokowar yara, ranar ƙwallo, ranar langa, daren tatsuniya da wasan kwaikwayo a gidan matasa. A cikin jadawalin a ba ƴan mata ranakunsu da lokacinsu, da rana tsaka ko kafin magariba, tare da mata manya masu kula, don iyaye su saki jiki. A bar wa dattawa safiya su taka su motsa jiki. Fili na gari ne duka, bai kamata ya zama na ƙungiyar ƙwallo ɗaya ba.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi gaggawa: a daina yanka filayen wasa ana sayarwa. Injin da ya mutu ana iya sayen wani, amma filin da aka raba aka gina ya tafi ke nan. Duk sabuwar unguwar da za a yanka, a fitar da filin yara tun a takarda, a kafa masa iyaka da itatuwa, a sanar da mai unguwa da limami da iyaye, don ranar da wani ya zo da tubali ya tarar da masu tsaya masa.

Ranka ya daɗe kantoma, ranka ya daɗe magajin gari, ba sai ka jira umurni daga Yamai ba kafin ka yi wannan. A makon nan ka ɗauki mai walda da mai gyaran wuta da shugaban matasa, ku zagaya filin kokowa da gidan matasa da filin ƙwallo da ƙafa, a rubuta abin da aka gani. Mu kuma a wannan shafi za mu buga sunan duk garin da ya fitar da jadawalinsa na ɗari, kuma za mu koma a watan Fabrairu mu tambayi yaran garin ko an cika. Allah ya ba mu ikon gyarawa.