Cigiyar Yara a Ranakun Biyanu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Abzin a ranar bikin Biyanu da 'yan gabas da 'yan yamma na gari suke komowa daga Alarsas, inda suka kwana, kowa da kaba a hannu, tambura na tashi, gangunan akanzam na amsawa, ƙura ta turnuƙe har ba a rarrabe shuɗin rawani da baƙi, ya san cewa a tsakiyar wannan farin ciki da Allah Ya albarkaci Agadas da shi ba a rasa wata mace wadda kiɗan bai shiga kunnenta ko kaɗan, domin tana kutsawa cikin jama'a, mayafi ya zame, tana tare duk wanda ta ci karo da shi tana cewa, "Don Allah, bawan Allah, ba ka ga wani ɗan yaro da farar riga ba?" Galibi kafin lisha akan sami yaron, a yi hamdala, a yi dariya, a manta. Wannan kyakkyawan ƙarshe da aka saba gani shi ya sa ba mu ɗauki al'amarin mas'ala ba, alhali kuwa sa'o'in da ɗan shekara uku yake yi shi kaɗai tsakanin babura da adaidaita da ƙafafun dawaki ba abin da mai hankali zai bar wa sa'a ba ne.

A da garin yana da tsarinsa, ko da yake ba a rubuce yake ba. Tsohon birni unguwanni 11 ne, irin su Amdit da Obitara da Katanga, kuma duk da lungunansa masu karkacewa waɗanda ke rikita baƙo, tsohuwar da ke zaune bakin zaure in ta dubi fuskar yaro sai ta ce wannan jikan wane ne, ta sa a miƙa shi gida tun uwarsa ba ta farga ba. Amma ƙidayar 2012 ta sami sama da mutum 110,000 a Agadas, bayan nan kuma, tun da aka ga zinariya a Jado da Cibarkatan a 2014, jama'a suka yi ta kwararowa daga kowace nahiya, unguwanni irin su Dagamanat da Misrata suka yi faɗi, har ya zama yaron da aka tsinta a bakin fada mai yiwuwa ne da Tubanci yake kuka, ko da Zabarmanci, ko da Fillanci, wanda ya tsince shi kuwa bai san ko kalma ɗaya ba. Tsohuwa tana nan bakin zaurenta, sai dai saninta bai ƙetare unguwarta.

Wajibi ne kuma mu faɗi laifinmu na cikin gida, ko da zai yi ɗaci. Uwa tana ɗawainiyar abincin baƙi, sai ta ɗora ƙaramin a hannun yayarsa 'yar shekara takwas, wadda ita ma kiɗan ya fara ɗaukar hankalinta tun daga zaure, ta ce, "Ki riƙe shi da kyau," ta ɗauka ta sauke amana ke nan. Yarinya ta ga masu rawa sun juya, ta saki hannu don ta gyara ɗankwali, ta waiwaya ba ta ga kowa ba; saboda tsoron dukan da ta tabbata yana jiranta, sai ta ƙi komawa gida ta faɗi, ta yi ta yawon nema ita kaɗai har rana ta yi sanyi, a yi asarar sa'o'in farko waɗanda a cikinsu ne nema ya fi amfani. Sa'an nan ga al'adarmu ta kunya, wadda ba na ƙyamarta, bal ina ganin ta cikin adon gidajenmu, amma wadda ta hana mace kiran sunan mijinta, har yaro ya kai shekara huɗu bai taɓa jin sunan mahaifinsa a bakin kowa na ɗaki ba. A tambaye shi, "Yaya sunan babanka?" ya ce, "Baba." A ce, "Ina gidanku?" ya ce, "Can." Kaka ko kawu, waɗanda kunyar ba ta ɗaure su ba, suna iya biya wa yaro sunan ubansa da na unguwarsu kamar yadda ake biya masa Fatiha, ba tare da an keta alfarmar kowa ba.

Malamanmu na fikihu ba su bar wannan babi a buɗe ba. Mai karatun Risala ta Ibn Abi Zaidi ya san cewa tsintuwa ana cigiyarta shekara guda, kuma raƙumin da ya ɓace a daji ba a kama shi, don yana iya kai kansa ruwa da kiwo, amma akuya ana ɗaukarta don ba ta da wannan ƙarfi. Mai karatun Muhtasar na Shehu Halilu kuwa ya san cewa ɗaukar jaririn da aka yar farilla ce ta kifaya, wadda in wasu suka yi ta faɗi a kan saura, in kowa ya bari kowa ya yi zunubi. To, in shari'a ta auna hukunci da gwargwadon raunin abin da ya ɓace, ina ga ɗan Adam mai shekara uku? Illar farillar kifaya a cikin taro ita ce kowa yana zaton wani ya riga shi, don haka sai an ɗora ta a wuyan mutane sanannu.

Turawan Amurka, tun da suka buɗe gidan wasan Disneyland a 1955, mutane suka yi ta ɗunguma can da iyalansu, sun gane haka, suka keɓe wurin da ake kai duk yaron da aka tsinta, suka kuma horar da ma'aikatansu, har iyaye kan nuna wa ɗansu tun daga ƙofa irin mutumin da zai nufa in ya rasa su. A Harami na Makka ma akan ɗaura wa yara abin hannu mai ɗauke da lambar waliyyinsu. Sai dai waɗancan wurare suna da katanga da ƙofofi, Biyanu kuwa garin duka ne filinsa, har da hanyar Alarsas, saboda haka kwaikwayo tsantsa ba zai yi mana ba.

Abin da muke da shi wanda su ba su da shi, shi ne hasumiyar babban masallaci, mai tsawon mita 27, wadda ake hangowa daga nesa, kuma wadda ko yaro ya san ta. Ra'ayina shi ne fada da ma'aikatar magajin gari su haɗa kai su kafa rumfa ɗaya kusa da ita a manyan ranakun biki, wata kuma a Alarsas daren da ake kwana can, a zaunar da dogari guda, da 'yan agaji, da mata biyu ko uku masu jin harsunan gari, da randar ruwa da lasifika da salula wadda gidajen rediyo za su yi ta maimaita lambarta. A kuma yi sharaɗi cewa ba a miƙa yaro ga kowa sai yaron ya nuna ya san shi, ko mai unguwa ya shaida. Wani zai ce wannan bidi'a ce a cikin al'adar kakanni, ko kuwa rashin tawakkali ne; amsarsa ita ce mai shela da cigiya a ƙofar masallaci sun girme mu duka, abin da aka ƙara kurum shi ne a san wuri ɗaya tun kafin buƙata ta taso. Tun da yake ana fara buga tambura tun cikin watan Zulhajji, limamai suna da Juma'o'i da dama da za su sanar da mutane inda rumfar take, tambarin gabas da na yamma kuma, wato jagororin ɓangarorin biyu, kowanensu yana iya zaɓen samari goma daga cikin mutanensa waɗanda za su riƙa tafiya a bayan ayari, idonsu a kan ƙananan da aka bari baya. In an jarraba a Biyanu aka ga amfaninsa, sai a kai shi Ingal lokacin taron makiyaya, da filin kokawa duk shekarar da gasar takobi ta zo Agadas.