Fiya-fiya a buhun wake: cikinmu da sunanmu ne ke biyan kuɗin

Duk motar da ta tashi daga Maiduguri da wake ko bandar kifin Baga, a hannun 'yan uwanmu take sauka: Mile 12 a Legas, Bodija a Ibadan, ko Onitsha. Shi ya sa maganar maganin ƙwari ta fi shafarmu fiye da kowa.

Matsalar daga ajiya take farawa. Ƙwari kan huda wake cikin 'yan watanni, sai ɗan kasuwa, don gudun asara, ya yayyafa Sniper ko fiya-fiya ya ɗinke buhu. Sinadarin da ke cikin Sniper sunansa dichlorvos, kuma guba ne. In ya yi yawa a abinci, ciki ne ke fara kuka: murɗawa, amai, gudawa, gumi da dalalar miyau. Yara sun fi saurin jigata. Mutum ya yi ta cewa ai taifot ne, alhali ƙila ƙosan safe ne.

Wannan ba jita-jita ba ce. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda wannan sinadari. A ƙarshen 2018 bidiyon masu zuba Sniper a wake ya yaɗu, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta yi gargaɗi. A 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni. Amma ku shiga kasuwa yau ku gani, ya ɓace?

Ga inda abin ya fi ciwo. Duk ranar da wani gida a Kudu ya kwanta bayan cin wake, ba wanda zai tambayi a wane sito aka ajiye shi. Cewa za a yi "waken Hausawa ne". Mutum ɗaya ya zuba, dubu su sha zargi. Ga kuma manyan kantuna na sayar da abin da suke kira oganik da tsada, wato abincin da ba a sa wa magani ba, irin wanda kakanninmu suka ajiye da toka da barkono.

Mafita na nan. Buhun PICS mai ninki uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, yana toshe iska ƙwarin su mutu ba tare da ɗigon magani ba. Jarka ko duro mai murfi ma haka, muddin waken ya bushe sosai. Kuɗinsa ya fi na buhun yau da kullum, amma ana sake amfani da shi.

Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa, ku sa doka: kayan da ke warin magani kada a sauke su. Mu nan Dala da sauran unguwannin Maiduguri, mu ja kunnen masu lodi. Uwar gida kuma, ki shinshina kafin a auna miki, ki wanke sosai, ki zubar da ruwan tafasar farko. Hakan na ragewa ne kawai, don haka mai wari a bar wa mai shi kayansa.

Allah ya tsare mu da cin haram da ciyar da guba.