Silikon ɗin taga ba na jikin bas ba ne

Da yawa daga cikin bas-bas ɗin haya da ke lodi a tashoshinmu, musamman Hiace, a matsayin motocin kaya suka shigo ƙasar nan, babu taga babu kujera. A gareji ake yanka musu tagogi, a toshe wani wurin da fallen ƙarfe ko alminiyom, a jera kujeru. Ban ga laifin sana'ar ba, gidaje da yawa na ci da ita. Ƙorafina a kan abin da ake manna fallen da shi ne.

Fenti da gam na mota nake sayarwa a Kano, kuma kusan kullum sai yaron wani gareji ya shigo ya ce, "Alhaji, Oga ya ce a ba ni silikon, mai arahar." Silikon ɗin da yake nufi na gilashin gida ne da banɗaki. Buɗe shi ka shinshina, za ka ji tsami. Asid ne yake fitarwa yayin da yake bushewa, kuma asid ɗin yana cin ƙarfen da aka kankare. Ga shi fenti ba ya kama shi. Damina ɗaya ko biyu, sai tsatsa ta ɓullo ta ƙarƙashin fenti, ruwa ya fara ɗiga wa fasinja a kafaɗa.

Abin da ya dace shi ne gam ɗin foliyuritan, irin su Sikaflex na kamfanin Sika na Suwizalan. Shi ma kala-kala ne: lamba 221 don toshe kafa da hana yoyo, 252 don riƙe falle. Akwai kuma wanda ake kira MS, ya fi jure rana. Duk suna karɓar fenti.

Sai dai gam mai tsada ma ɓarnar kuɗi ne a hannun mai gaggawa. Dole a goge wurin da samfefa, a share da abin sharewar da kamfanin ya tanada, ban da fetur, domin yana barin maiƙo. A shafa firaima inda takardar kamfanin ta ce a shafa. Sannan abin da masu gareji suka fi yi mini gardama a kai: kada a matse fallen har gam ɗin ya tsiyaye. Ana barin kaurin milimita 2 zuwa 3, da 'yan guntayen roba a tsakani. Dalili kuwa, alminiyom yana miƙewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe. Falle mai tsawon mita 3, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 40 tsakanin asuba da azahar, zai zarce ƙarfen da ke ƙarƙashinsa da fiye da milimita ɗaya. Kaurin gam ɗin ne ke shanye wannan motsi. Shi ne kuma ke raba alminiyom da ƙarfe, waɗanda in suka haɗu da ruwa a tsakani alminiyom ɗin ke cinyewa.

Da damshin iska wannan gam ke bushewa, wajen milimita 3 a kwana guda, daga waje zuwa ciki. A hunturu, da iska ta bushe ƙarau, ya fi haka jinkiri. A nan nake ɗora wa masu motoci nasu kason laifin. Mutum ya kai mota ranar Litinin, yana so ranar Laraba ta ɗauki hanyar Kaduna, ga ramukan hanya suna jijjiga gam ɗin da cikinsa bai nuna ba. Mai gareji ya san haka, amma yana tsoron ciniki ya koma maƙwabta.

Mu masu shago ma ba mu fita ba. Gam ɗin nan kwanansa ƙidayayye ne, galibi bai wuce shekara guda ba, kuma zafin shago yana rage shi. Duk wanda zai saya ya juya kwalin ya karanta kwanan watan kafin ya miƙa kuɗi, ko da a shagona ne.