Gargaɗi ga Masu Shagunan Ɗinki na Dabokpa

Zuwa ga iyayen gidanmu, masu shagunan ɗinki a Dabokpa, Tamale.

Ƙungiyarmu ta mata teloli da 'yan mata masu koyon sana'a ta zauna da ku, ta turo muku dattawa, ta kuma yi shiru lokacin da aka roƙe ta rufin asiri. Babu abin da ya sauya. Har gobe ana tsayar da yarinya bayan an tashi, wai ta share shago, sai a turo ƙofa. Ana kiran wata a ce za a koya mata awo a jikinta, hannu ya zarce inda tef ya tsaya. Wadda ta buɗe baki a sallame ta, a riƙe kuɗin koyon da iyayenta suka biya, wani lokaci har da kekenta.

Mun ba ku kwana 14 daga ranar da takardar nan ta shiga hannunku.

Kowane shago ya rubuta ya manna a bango: ba a tsayar da mace ita kaɗai bayan tashi, kuma awon jikin mace, mace ce za ta yi shi. Duk wadda aka kora don ta kai ƙara ko don ta sami juna biyu, a mayar da ita bakin aikinta, ko a ba ta kuɗinta da kekenta cif. Dokar Ƙwadago ta Ghana ta 2003 ta haramta korar ma'aikaciya saboda ciki, ta kuma ba ta hutun haihuwa na aƙalla mako 12.

Batun sulhu kuwa mun rufe shi. Hukuncin fyaɗe a ƙasar nan ɗaurin shekara 5 zuwa 25 ne. Idan yarinyar ba ta kai shekara 16 ba, daga shekara 7 ake farawa. Goro da ban-haƙuri a zaure ba sa goge wannan. Daga yau duk ƙarar da ta iso mu, asibiti za mu fara kai yarinyar, daga nan sai ofishin DOVVSU na 'yan sanda, ko ɗan wane ne.

Idan wa'adin ya cika, babu 'yar ƙungiya da za ta taka keke a shagon da ya ƙi. Ɗinkin sallah da na Damba ku ji da su. Za mu shigar da ƙorafi gaban hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta CHRAJ da Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa, mu kuma sanar da iyaye shagunan da ba za su kai 'ya'yansu ba.

Amsarku a rubuce muke jira.