Kun san Faruk Yusuf?

1/ Tambaya ga 'yan Barca da 'yan Madrid na Zazzau, musamman samarinmu na Limancin Kona da ke raba dare ana musu: waye Faruk Yusuf? Kar a taɓa Google. Na san shiru za ku yi.

2/ Ɗan ƙwallon hannu ne, bahago, daga Sokoto Rima ya taso. A 2021 Kielce ta Poland, ɗaya daga manyan ƙungiyoyin Turai a wasan, ta ɗauke shi. Kocinta na lokacin, Talant Dujshebaev, wanda ya buga wa Sifaniya, sau biyu yana zama gwarzon duniya, 1994 da 1996. Irin wannan mutumin ne ya ga yaronmu ya ce a kawo shi.

3/ Daga nan aka ba da shi aro ga Granollers, wani gari a gefen Barcelona. Eh, Barcelonar da kuke zagin juna a kanta. A gasar Sifaniya ya buga, Barca ta ƙwallon hannu na cikin abokan karawarsa. A 2023 suka kai wasan ƙarshe na EHF European League, Füchse Berlin ta Jamus ta doke su 36-31. Daga baya ya koma Limoges ta Faransa.

4/ Yanzu ku faɗa min tsakani da Allah. Da ƙwallon ƙafa ce, ɗan Sakkwato ya kai wasan ƙarshe na kofin Turai, ai da hotonsa na bayan kowace Keke Napep. Da an yi masa waƙa. Da 'yan siyasa sun yi layin ɗaukar hoto da shi.

5/ Za a ce "ai ba a nunawa a gidan kallo." Mai gidan kallo ɗan kasuwa ne malam, abin da kuka nema shi zai kunna. Kun taɓa nema? Da wayar nan kuke bibiyar yaron da ke benci a Girona, data ba ta ƙare ba.

6/ Wani zai ce wasan ba namu ba ne. Haba! Matan Najeriya sun ci kofin Afirka a 1991, suka je Olympics ta 1992, a Barcelona ɗin dai. Kano Pillars ta ƙwallon hannu ta ci gasar ƙasa, da yawanku ba ku ma san Pillars na da ita ba. Jiharmu na da Kada Stars da Kada Queens. Su Sifaniyawan da muke wa kallon 'yan ƙwallon ƙafa zalla sun ci kofin duniya na hannu a 2005 da 2013.

7/ Abin da ya fi ci min rai shi ne fili. Cikin ganuwa gida ya haɗe da gida, ina za ka samu filin ƙwallon ƙafa? Yara na bugawa a lungu, ana korarsu daga ƙofar zaure. Filin ƙwallon hannu kuwa mita 40 ne da 20, mutum bakwai-bakwai. Harabar firamare ta isa.

8/ Ƙungiyoyin samarin unguwa da ke haɗa kuɗin gasar sallah, ku ware na raga biyu da ƙwallo. A samo koci daga Kaduna ko ABU ya nuna wa yara dokoki. Wanda ya san malamin wasanni a wata firamare cikin birni, ya yi min magana ta DM.