Damina a Moroni, garin da ke shan ruwan rufinsa

Na bar Kano hazo ya rufe gari, leɓe duk ya tsattsage, kowa na yawo da man shafawa a aljihu. Washegari jirginmu ya sauka a Hahaya, kimanin kilomita 20 arewa da Moroni, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Watan Janairu ne, amma da yake tsibiran Komoros suna kudu da layin da ya raba duniya biyu, lokacin da muke fama da hunturu su suna tsakiyar damina da zafi. Daga ƙofar jirgi zuwa inda ake buga fasfo rigata ta jiƙe sharkaf, rabi ruwan sama rabi gumi.

Masu ba matafiya shawara bakinsu ɗaya ne a kan wannan wuri. Sukan ce ka je tsakanin Mayu da Oktoba, lokacin da iskar da mutanen can ke kira kusi take kaɗawa daga kudu, gari ya yi sanyi, sama ta washe. Ka guji Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin kashkazi, iskar da ke zuwa da ruwa da zafi, wani sa'in har da guguwar teku. Shawarar tana da hujja. A watan Afrilun 2019 guguwar Kenneth ta ratsa ta arewacin tsibirin da Moroni take, ta yaye rufin gidaje, ta kwantar da gonaki, ta kashe mutane. Wanda ya tara kuɗinsa don ya kwanta a bakin teku ya sha iska, to ya bi abin da aka gaya masa. Ni dai ban yarda cewa wannan ce shawarar da ta dace da kowane baƙo ba. Wanda yake son ya san yadda Moroni ke rayuwa, da damina zai je, domin a cikin watannin nan ne mutanen garin suke yin aikin da ke riƙe su sauran shekara.

Ga wanda bai san wurin ba, Komoros tsibirai ne a tekun Indiya, tsakanin arewacin Mozambik da Madagaska. Sun karɓi 'yancin kai daga Faransa ranar 6 ga Yuli, 1975. Uku ne a hannun gwamnatinsu: Ngazija, inda Moroni take, da Nzuwani da Mwali. Na huɗun, Mayot, ya zauna tare da Faransa, kuma har gobe ba a daina jayayya a kansa ba. Kusan kowa Musulmi ne, mabiya mazhabar Shafi'i. Da asuba ta farko da na bi jam'i na ji liman ya bayyana bisimilla, kuma bayan ruku'un raka'a ta biyu aka ɗaga hannuwa ana ƙunuti a bayyane, mamu suna amsawa da amin. Wanda ya tashi a kan Malikiyya sai ya ɗan tsaya ya kalli na kusa da shi kafin ya gane inda aka dosa. Ruwa na dukan kwanon masallacin har muryar liman tana nutsewa a ciki, amma sahu a cike yake.

Moroni ƙaramin gari ne da ya maƙale a gindin dutse. Bayansa Kartala ne, dutse mai aman wuta, tsayinsa mita 2,361, kuma bai mutu ba. A kwanakin da na yi sau biyu kawai na ga ƙololuwarsa, duk da sassafe, kafin gajimare ya sake lulluɓe shi. Gabansa kuma teku. A unguwar Bajanani akwai tsohon masallacin Juma'a, fari tas, mai hawa biyu da jerin bakuna, yana kallon tsohuwar tashar jiragen ruwa. Ana danganta kafuwarsa da shekarar 1427. Bayansa lunguna ne matsattsu, wasu mutum biyu ba sa iya jerawa a ciki, da tsofaffin ƙofofin katako masu sassaƙa. Idan ruwa ya kece, lungunan nan sukan koma korama, ruwa ya gangaro daga tudu da gudu, ɗauke da leda da ɓawon kwakwa da duk abin da aka zubar a sama, ya nufi teku da su. Wannan ɓangaren ba ya cikin hotunan da ake tallata ƙasar da su, kuma abin takaici ne.

Amma abin da ya tsayar da ni shi ne abin da ke biyo baya. Awa ɗaya bayan ɗaukewar ruwa, sai ka nemi ruwan ka rasa. Babu taɓo irin namu da ke riƙe takalmi, babu kududdufin da zai kwana. Ƙasar Ngazija baƙin dutse ce da Kartala ya amayar, mai ƙofofi kamar soso, duk abin da ya zubo sai ta shanye shi nan take ya wuce can ƙasa. Saboda haka tsibirin nan, da ke samun ruwan da a Moroni yakan haura milimita 2,500 a shekara, ba shi da kogi ko ɗaya da ke gudana rani da damina. Mu a Kano ba kasafai muke kai milimita 1,000 ba, amma muna da Tiga da Challawa. Ana cewa sunan Moroni ma yana nufin "a bakin kogi" a harshensu. Rijiyoyin da aka haƙa kusa da gaɓa kuwa, da yawansu ruwan da ɗanɗanon gishiri, don teku na kutsowa ta ƙarƙashi. Ƙauyukan da ke kan tudu ba ma zancen rijiya ake ba, zurfin ya fi ƙarfin mai haƙa.

To me suke sha? Ruwan rufinsu.

Na sauka a gidan wani dattijo a gefen gari ta wajen tudu, tsohon malamin makaranta. Da Larabci muke magana, inda ta ƙi mu cike da Faransanci. Yara in sun shigo sukan rusuna su ce masa "kwezi", ya amsa da "mbona", gaisuwar da ba ta da nisa da yadda namu ke durƙusa wa manya. A tsakar gidansa akwai wani gini na dutse da siminti, rabinsa a cikin ƙasa, girmansa ya kai ƙaramin ɗaki, an rufe samansa da kwano. Duk indararon gidan, har da na kicin, an haɗa su da bututu sun nufi wannan tanki. Da hadari ya haɗo ranar da na kwana biyu, sai na ga ya tashi daga kan tabarma da hanzarin da ban zaci yana da shi ba. Ya janye bakin bututun daga tankin ya bar shi yana zuba a ƙasa. Na ce, "Baba, ruwan kake zubarwa?" Ya ce, "Ɗana, na farko ba namu ba ne, na wanke rufi ne." Ya tsaya a cikin ruwan yana tara hannu yana dubawa. Da ya ga ƙura da kashin tsuntsaye da busasshen ganye sun gama fita, ruwan ya yi garau, sai ya mayar da bututun, ya gyara tsumman da ya ɗaure a bakinsa don tacewa, ya dawo ya zauna. Muna jin ƙarar zubar ruwan a cikin tankin tana canzawa, daga amon fanko zuwa wata murya mai nauyi. Da kunne yake sanin inda ruwan ya kai. Duk da haka da aka ɗauke sai da ya zura wata doguwar sanda mai tsage-tsage ya ciro ya duba, ya ce alhamdu lillahi.

Wannan sanda ita ce kasafin kuɗin gidan. Da ita ake sanin ko za a yi wanki a gida ko a rage, ko za a iya ba maƙwabcin da nasa ya tsage, ko ruwan zai kai su ƙarshen rani. Matar gidan ba ta zubar da ruwan da ta wanke shinkafa sai a gindin ayaba. Butar alwala ba a cika ta. Ban ji wanda ya yi wa yaro wa'azin tattali ba, yaran sun tashi sun ga haka ake yi. Kuma duk wannan ana yin sa ne a ranar da ruwa ke zuba kamar ba zai ƙare ba. Baƙon da ya zo a watan Agusta tankin kawai zai gani, ya ɗauka wani ɗakin ajiya ne, ya wuce.

Ba zan ɓoye aibin abin ba. Tankin da ba a rufe da kyau ba gidan sauro ne, kuma zazzaɓin cizon sauro ya fi naci a Ngazija fiye da sauran tsibiran. A 2005 Kartala ya yi aman wuta har sau biyu, a watan Afrilu da kuma Nuwamba, toka ta sauko a kan rufi da buɗaɗɗun tankuna, dubban mutane suka wayi gari ruwan shansu ya gurɓace, sai da aka riƙa kai musu da motocin dakon ruwa. A 2024 kwalara ta ɓarke a ƙasar. Ruwan rufi bai maye gurbin famfo mai tsabta ba, kuma gwamnatin da ta bar talakawanta da shi kaɗai ba ta sauke nauyin da ke kanta ba. A 2018 asusun nan na duniya mai tallafa wa ƙasashe kan sauyin yanayi ya amince da wajen dala miliyan 42 don gyara harkar ruwa a Komoros, abin da ke nuna girman giɓin. Sai dai kada a manta da abin da ya faru a Mayot, wadda tun 2011 ta zama cikakkiyar gunduma ta Faransa, tana kashe kuɗin yuro, wadda matasan Nzuwani ke sayar da rai a ƙananan kwalekwalen da ake kira kwasa-kwasa don su tsallaka kilomita 70 su isa gare ta. Da damina ta gaza a 2023, sai da aka kai ana rufe famfo kwana biyu cikin kowane uku, gwamnatin Faransa tana rabon ruwan roba. Mai famfo kaɗai, ranar da aka rufe shi ba shi da ta yi. Dattijon nan nawa yana da sandarsa.

Sauran abubuwan daminar garin zan taɓa su a gurguje. Kasuwar Volo Volo takan cika da mangwaro da ayaba da kwakwa, mata sanye da shiromani, mayafinsu mai launi biyu, wasu fuskarsu shafe da farin ƙullin itacen sandal. Na ci mataba, ganyen rogo da aka daka aka dafa da madarar kwakwa, a kan shinkafa, har na nemi ƙari. Iskar bayan ruwa takan zo da ƙamshin furen ilang-ilang, wanda ake tatsar mansa a kai Faransa a yi turare, shi da kanumfari da banila su ne abin da ƙasar ke sayarwa waje. Wuta takan ɗauke, tufafi ba sa bushewa, tafiyar da aka shirya da safe ruwa kan rushe ta. In za ka ce na gode a can, "marahaba" za ka ce, kalmar da kunnen Bahaushe ke jin ta kamar ana yi masa maraba.

Abin da ya hana ni sakat tun da na dawo lissafi ne mai sauƙi. Rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100, a shekarar da aka yi ruwa milimita 800, lita 80,000 ce ke sauka a kansa. Jarka 3,200 ke nan mai cin lita 25. Ko an zubar da na wanke rufi, ko rabi kawai aka kama, ai ba ƙaramin ruwa ba ne. Mu kuwa indararonmu lungu muke juya wa bakinsu. Ruwan ya fita ya cika kwata, ya ci gindin katangar maƙwabci, ya taru a inda dā kududdufi ne kafin a cike shi a yanka filaye, ya shiga ɗakunan mutane a watan Agusta. Watan Maris na zuwa kuma mu tsaya a ƙofar gida muna jiran ɗan garuwa, ko mu haɗa kuɗi a haƙa burtsatse, kowace shekara ana ƙara zurfi. Kakanninmu ba haka suka yi ba, suna jera randuna da kwatanniya a ƙarƙashin indararo, wasu iyayenmu mata har yau suna tara ruwan sama a baho da duro. Abin da muka kasa shi ne mu girmama dabarar, mu sa ta cikin gini tun daga tushe, yadda ba a gina gida babu masai. Na san damina tamu gajera ce, wata huɗu, rani kuma dogo, don haka tankin gida ba zai kai kowa ƙarshen shekara ba. Amma makarantu da masallatai da asibitocin ƙauye masu faffaɗan rufi fa? Hukumomin da ke sa hannu a takardar izinin gini suna iya sa wannan cikin sharuɗɗa ba tare da sun kashe ko kwabo ba.

Ranar da zan taho dattijon ya rako ni bakin hanya riƙe da lema. Ya tambaye ni wata nawa muke yi babu ruwan sama a garinmu. Na ce bakwai, wani lokaci takwas. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To tankunanku manya ne ke nan." Ban ba shi amsa ba, motar Hahaya ta iso. Makon da ya wuce na kira magini ya zo ya auna rufin gidana da bayan kicin, ya ce in an fara yanzu za a gama kafin ruwan farko.